Filin Tambaya da Amsa: Kwalbar Bakteriya da Sabon Tankin Kifi

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru ne a kan ƙaramar kwalbar nan ta ƙwayoyin bakteriya masu amfani, wadda ake sayarwa tare da tankin kifi na gilashi. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tankin gilashi mai tsawon santimita 60 don in ƙawata falo. Mai shagon ya haɗa mini da wata kwalba, ya ce in juye ta a ruwa in zuba kifi goma a ranar, ba abin da zai same su. Abokina kuma ya ce sai na jira wata guda. Maganar wa zan bi? — Wani makaranci daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka ta fi kusa da gaskiya, amma kada ka yar da kwalbar, domin in tana da rai za ta rage maka jiran sosai.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba a gare shi, dare da rana, kuma mafi yawanta ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai take fita, kashi yana ƙara kaɗan ne. Ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye su ma amoniya suke zama. A kogi yawan ruwa yana tsarma ta, amma a tankinka mai kusan lita 60 ba ta da wurin zuwa. Masu kawar da ita ƙwayoyin halitta ne rukuni biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas da Nitrosospira, suna mayar da amoniya ta zama naitirayit, wanda katin gwaji ke rubutawa NO2, kuma shi ma guba ne. Na biyu, wato Nitrospira, suna mayar da naitirayit ya zama naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jurewa har zuwa lokacin canjin ruwa.

Abin da ke jawo dogon jira shi ne jinkirin hayayyafarsu. Bakteriyar da ke lalata abinci tana iya ninka yawanta cikin minti 20 zuwa 30, su kuwa waɗannan sukan ɗauki awa 15 zuwa 24, wani lokaci fiye. Shi ya sa tankin da aka bari ya kafu da kansa yake cin mako 4 zuwa 6. Kwalbar iri ce, kamar ɗan tsohon kindirmon da ake ɗigawa cikin sabuwar madara: yana sa ta kama da wuri, amma sai an ba ta lokaci da ɗumin da take so. Da kwalba mai rai, mako 1 zuwa 2 yakan isa.

Kuma ba a cikin ruwa suke zama ba. Mannewa suke yi a jikin soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, da tsakuwa da gilashi, su yi wani santsi mai launin ƙasa-ƙasa. Tankin da ba shi da filta mai aiki, ko kwalba nawa ka juye masa, bai ba su gida ba.

Kifi goma a ranar farko ya yi yawa ƙwarai. Wasu kamfanoni sun yarda a sa kifi tare da kwalbar, amma 'yan ƙanana kaɗan suke nufi, kamar ɗan ƙaramin kifin ado da ake kira gofi, biyu ko uku a tanki irin naka. Mu dai shawararmu ka shirya tankin babu kifi, kamar yadda muka yi bayani a amsa ta gaba. Kuma kafin ka sayi kifi ko ɗaya, sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo-ɗigo mai auna amoniya da naitirayit da naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: 7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka ruwa ya fara tsami. Idonka ba zai gane ruwa mai guba ba, domin garau yake kamar na sha.

Tambaya: Ina son in shirya tankina ba tare da na wahalar da kifi ba, domin ba na son ɗaukar alhakin dabba. Don Allah ku ba ni matakan dalla-dalla, da adadin abin da zan zuba. — Wata makaranciya daga Kaduna

Amsa: Madalla, Hajiya, wannan ita ce hanyar da ta fi aminci.

Fara da sanin yawan ruwan. Ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a santimita, ki raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 35 zai ba ki lita 63, amma tsakuwa da duwatsu sukan cinye kusan kashi 10 cikin 100, don haka ki yi lissafi da lita 55 zuwa 57.

Ki wanke tsakuwa da ruwa zalla, banda sabulu. Ki cika tanki, ki zuba maganin kashe kilorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, ki kunna filta da injin iska, ki bar su su kwana suna aiki. Kilorin don kashe ƙwayoyin cuta ake zuba shi a ruwan famfo, kuma ba ya bambance masu amfani da marasa amfani. Ajiye ruwa a buɗe ya kwana yana fitar da kilorin, amma ba ya fitar da ɗan'uwansa kiloramin, saboda haka maganin ya fi tabbas. Idan ruwan burtsatse ne ko na rijiya, ko wanda 'yan ga-ruwa suka kawo, ki gwada shi tun bai shiga tanki ba, ki rubuta sakamakon. Wani ruwan rijiyar yana zuwa da nasa naitiret ɗin, musamman in akwai shadda ko gonar da ake zuba taki a kusa, kuma in ba ki san haka ba za ki ɗauka bakteriya ne suka samar da shi.

Washegari sai abincin bakteriyar. Mafi tsabta shi ne garin amoniyam kulorayid, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Abin da tankin ke buƙata bai kai rabin giram ba, kuma auna wannan da cokali ba ya yiwuwa. Ki narkar da giram 10 a cikin lita 1 ta ruwa. Kowane mililita na wannan haɗin yana ɗauke da kusan miligiram 3.2 na amoniya. Don tanki mai lita 56 ya kai miligiram 2 a kowace lita, wato 2 ppm a katin gwaji, ki ja mililita 35 da sirinji ki zuba. Bayan rabin awa ki gwada ki tabbatar. Ki rubuta wa kwalbar haɗin suna, ki ajiye inda yara ba za su kai ba. Kada ki yi amfani da ruwan goge-goge mai amoniya idan yana kumfa ko ƙamshi, sabulu ne a ciki. Takin NPK ma bai dace ba, zai cika miki tanki da gansakuka. In garin bai samu ba, ɗan tsunkulin abincin kifi kullum zai yi, sai dai yana jinkiri, yana ƙazanta ruwa, kuma ba za ki san adadin amoniyar da ya bayar ba sai da gwaji.

Yanzu ki girgiza kwalbar bakteriyar da kyau, domin ƙwayoyin suna kwanciya a ƙasa tare da wani ɗan laka, kuma lakan nan shi ne kayan. Ki juye a kan soson filta. Yawanta ba ya cutarwa, ƙarancinta ne ke ɓata lokaci. Idan filtarki tana da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ki kashe ta aƙalla kwana 2 zuwa 3, kuma kada ki canza ruwa a kwana biyun farko, don ƙwayoyin su samu su manne.

Daga nan gwaji ne, kullum ko bayan kwana biyu. Za ki ga amoniya tana sauka, naitirayit yana hawa, daga baya naitiret ya bayyana. Duk lokacin da amoniya da naitirayit suka sauka ƙasa da 0.5, ki sake zuba amoniya zuwa 2. In naitirayit yana sama, ki dakata da ƙari, kwana biyu ko uku babu abinci ba zai kashe su ba.

Alamar kammalawa ɗaya ce: ki zuba amoniya zuwa 2, bayan awa 24 ki samu amoniya 0, naitirayit 0. Ki maimaita washegari. In ya sake fitowa haka, ki canza rabin ruwan ko fiye har naitiret ya koma ƙasa da 20, sannan ki kawo kifi cikin kwana ɗaya ko biyu, rabin adadin da kike so tukuna, sauran bayan mako biyu.

Tambaya: Yau kwana 16 ke nan. Da farko amoniya tana sauka da sauri, sai na riƙa ƙara ta kullum. Yanzu gwajin naitirayit shunayya ne mai duhu ya ƙi canzawa, amoniyar ma ta daina sauka. Ko bakteriyar sun mutu ne? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Da wuya a ce sun mutu, ɗan'uwa. Abinci ka yi musu yawa, kuma muna kyautata zaton pH ɗinka ya faɗi.

Kowane 1 ppm na amoniya yana zama kusan 2.7 na naitirayit, daga baya kusan 3.6 na naitiret. Idan ka zuba 2 kullum har kwana biyar, ka samar da naitirayit da ya haura 25, alhali katin gwajin da aka fi amfani da shi a 5 ya tsaya. Ko da rukuni na biyu suna aiki, ba za ka ga launin ya motsa ba. Su Nitrospira dama sun fi jinkirin kafuwa, kuma amoniya mai yawa tana daƙile su. Don ka san inda kake, haɗa mililita 1 na ruwan tanki da mililita 4 na ruwa mai tsabta, ka gwada, ka ninka sakamakon sau 5.

Na biyu kuma, aikin nan yana fitar da asid yana cinye kabonet ɗin ruwa, abin da ake aunawa da sunan KH. Kowane miligiram na naitirojin, sinadarin da ke cikin amoniya, yana cinye kusan miligiram 7 na kabonet ɗin. Idan ruwanka dama mai ƙarancin ma'adinai ne, kamar ruwan sama ko wanda aka tace sosai, KH zai ƙare, pH ya zube. Ƙasa da 6.5 aikin yana ja da baya, kusa da 6 kuma yakan tsaya cak.

Ka canza kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ruwan da wanda aka kashe wa kilorin, kada ka taɓa filta. In naitirayit bai sauka ƙasa da 2 ba, ka sake washegari. Sabon ruwan kansa zai dawo da kabonet. In pH bai kai 7 ba, ka narkar da bekin soda ka zuba: giram 1.5 a lita 50 yana ɗaga KH da kusan digiri 1 a ma'aunin gwajin KH, kai kuma kana neman 4 zuwa 5. A lura, bekin soda muka ce, bekin hoda wani abu ne daban mai haɗe da asid da sitaci. Kanwa ma kada ka gwada, ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana iya cilla pH sama farat ɗaya. Don gaba, ɗan ɓawon kawa da masu abincin kaji ke sayarwa, a wanke a ɗaure a raga a sa cikin filta, yana narkewa a hankali yana riƙe pH.

Sannan ka koma zuba 1 ppm kawai, kuma sai naitirayit ya sauka. Kada ka amince da gwajin naitiret a wannan tsakani, domin naitirayit mai yawa yana sa shi ya nuna fiye da gaskiya.

Tambaya: Na juye kwalba guda cur, mako biyu ba abin da ya canza, amoniya tana nan a 2. Shin duk harkar yaudara ce? Wace iri zan nema? — Wani makaranci daga Sakkwato

Amsa: Ba yaudara ba ce, Malam, amma akwai kwalaben da ke isowa hannun mai saye babu rai a cikinsu. Bakteriyar da ke wannan aiki ba sa ƙulle kansu cikin ƙwanso su jira shekaru kamar wasu ire-iren. A cikin kwalba sun lafa ne kawai, suna raguwa a hankali, kuma ƙarfinsu na watanni ne. Daskarewa tana kashe su, tsananin zafi ma haka. Kwalbar da ta yi makonni a kwantena, ta zauna a kantar da rana ke duka a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tana iya zama ruwa kawai ko da kwanan watan jikinta bai ƙare ba. Ka duba kwanan watan, ka duba inda aka ajiye ta, in kuma ka buɗe ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai mai ƙarfi, ka yi shakkarta. A gida ka sa ta a firji, banda firiza.

Akwai kuma batun irin ƙwayoyin da ke ciki. An daɗe ana ɗauka wani nau'in bakteriya mai suna Nitrobacter ne ke cinye naitirayit a tankin kifi, kuma da shi aka riƙa cika kwalabe. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna Nitrospira ne ke riƙe da aikin a tankunan ruwan daɗi. A 2015 kuma masu bincike a Turai suka gano wasu nau'in Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai. Saboda haka ka karanta bayan kwalba. Tetra SafeStart da One and Only na kamfanin DrTim's suna cikin waɗanda aka gina a kan Nitrospira. Fritz TurboStart 700 mai kauri ne amma dole sai da sanyi, in ba a firji ka same shi ba ka bar shi. Kwalbar da aka rubuta mata cewa tana narkar da datti ko tana sa ruwa ya yi garau, wannan wasu bakteriya ne masu cin ƙazanta, aikinsu daban.

Kafin ka yanke wa taka hukunci, tabbatar ka kashe kilorin, pH ya haura 7, filta tana gudana, kuma ba ka zuba maganin shuɗi na metilin ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Sanyi ma yana da tasiri. Sun fi aiki tsakanin digiri 25 da 30, kuma a tsakiyar hunturu, in ruwa ya sauka ƙasa da 20, sai ka ƙara haƙuri ko ka sa hita.

In kana da wanda tankinsa ya yi watanni lafiya, roƙi ya yanko maka kashi ɗaya cikin uku na soson filtarsa. Ka ɗauko a leda da ruwan tankin, ka sa a filtarka cikin awa ɗaya ko biyu. Wannan ya fi kowace kwalba a ganinmu, da sharaɗin kifinsa ba su da cuta, domin soson yana iya zuwa da ita. Ruwan tsohon tanki shi kaɗai ba shi da wani amfanin a zo a gani.

Tambaya: Ni na riga na zuba gwalfish huɗu, kifin adon nan mai ruwan zinariya, tun kwana biyar. Yanzu suna taruwa a saman ruwa suna haki, ɗaya ya mutu. Me zan yi? — Wata uwa daga Jos

Amsa: Yau ɗin nan, 'yar'uwa, ki cire mataccen, ki canza rabin ruwan da wanda aka kashe wa kilorin, mai ɗumi daidai da na tankin. Ki daina ba su abinci kwana 2, ba zai cutar da su ba, bayan haka sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Ki ƙara iska. Ki riƙa gwaji kullum, duk ranar da amoniya ko naitirayit ya kai 0.5 ki sake canza kashi 30 zuwa 50. Canjin ruwa ba ya kwashe bakteriyar da suka riga suka manne. Ki zuba sabuwar kwalba bayan canjin.

Naitirayit yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa suke haki ko da ruwan na da iska, gaɓar numfashinsu ta koma ruwan ƙasa. Gishirin girki zalla yana tare masa hanya. Giram 1 a lita 60 yana kare su daga 1 ppm na naitirayit, don haka rabin ƙaramin cokali ya wadatar a tanki mai wannan girman. Ki narkar tukuna. Gishiri ba ya bin tururi, sai in kin kwashe ruwa za ki mayar da na abin da kika kwashe.

Kada ki zuba soda ko wani abin ɗaga pH alhali akwai amoniya da kifi a ciki. A digiri 25, ɓangaren amoniya mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba a pH 7, amma a pH 8 ya haura kashi 5. Magunguna irin su Seachem Prime, masu yin su sun ce suna ɗaure amoniya na awa 24 zuwa 48. Ki ɗauke su a matsayin taimako, canjin ruwan dai dole ne. Kuma gwalfish huɗu sun fi ƙarfin ƙaramin tanki, suna girma kuma suna da yawan kashi. Ki fara shirin babban tanki ko ki rage su.

Tambaya: A unguwarmu wuta takan yi awa takwas ko goma ba ta dawo ba. Shin sai na sake sayen kwalba duk lokacin da aka ɗauke? — Wani makaranci daga Katsina

Amsa: A'a, Malam. Rashin iska da bushewa ne ke kashe su. Suna buƙatar kusan miligiram 4.6 na oksijin kan kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa, ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: kusan miligiram 8.3 a lita a digiri 25, ya koma 7.5 a digiri 30.

Filtar gwangwani da ke rufe ruf ita ta fi haɗari, iskar cikinta tana ƙarewa cikin 'yan awanni. In ɗaukewar ta yi tsawo, ka buɗe ta ka sa sosonta cikin tanki. In ta kwana a rufe, ka zubar da ruwan cikinta kafin ka kunna, kada ta turo wa kifi ruɓaɓɓen ruwa. Filtar da ake ratayawa a bayan tanki kuma ka duba kada ruwanta ya tsiyaye soson ya bushe.

Ga mai irin matsalarka, filtar soso da ake turawa da injin iska ta fi dacewa. Tana zaune cikin ruwan tankin, injinta wat 2 zuwa 5 yake ci, ƙaramar sola ko inbata tana ɗaukarsa. Akwai ma ƙaramin injin iska na USB mai cin kusan wat 1, da batirin cajin waya zai kwana yana aiki. Bayan doguwar ɗaukewa ka rage abinci, ka gwada ruwa kwana uku a jere. Sai in amoniya ko naitirayit ya bayyana za ka nemi kwalba.

Tambaya: Ruwana ya yi fari kamar an ɗiga madara kwana uku bayan na fara. Kuma an rubuta a kwalbar in riƙa zubawa kowane mako. Dole ne? — Wata makaranciya daga Maraɗi

Amsa: Farin nan wasu bakteriya ne masu saurin hayayyafa da ke cin datti a sabon ruwa. Yakan washe da kansa cikin kwana 3 zuwa 7. Ki ƙara iska kawai, domin suna shan oksijin, kuma kada ki ɗauki washewarsa alamar tanki ya shirya.

Zubawa kowane mako ba dole ba ne, Malama. Da zarar sun kafu, yawansu yana bin yawan abincin da kifi ke samar musu. Ki ajiye kuɗin don lokacin da kika yi wa kifi magani mai kashe bakteriya, ko kika canza filta, ko kika ƙara kifi da yawa lokaci guda. Soson kuwa, in ya toshe, ki matse shi sau biyu ko uku a bokitin ruwan da kika kwaso daga tanki, ba a ƙarƙashin famfo ba. In ya tsufa ya fara ragargajewa, ki sa sabon kusa da shi su yi wata guda tare kafin ki cire tsohon.